Makunnin Ɗakinki Yana Jiran Yatsanki

Zuwa ga hasken idona, inuwata in rana ta take, ruwan sanyin tsufana,

Bayan sallama, ki yi haƙuri da rubutun nan, murna ce ta sa nake sauri! Takwararki ta gama kwalejin koyon sana'a, ita ce ta ɗaya a ajin masu haɗa wutar lantarki. Jikarmu fa! Wadda kika goya har zanenki ya koɗe!

Na san abin da ya ɓata miki rai. Da gwamnati ta ɗauke wa 'ya'yan talakawa kuɗin makaranta, har da ba su akwatin kayan aiki, ni na kai ta rajista ba da son ranki ba. Kika daure, sai ranar da kika gan ta a kan tsani da waya a hannu. Kika ce na kai miki yarinya bakin wuta, kika tafi jinyar yayarki. Yaya ta warke tuntuni, ke kuwa shiru. Haba tauraruwata, damina takan yi fushi da gona har haka?

Kin tuna lokacin da na shiga makarantar yamma da furfura a gemu? Ke kike fere min fensir da reza, ki riƙe min fitila, kina dariya wai rubutuna kamar kaza ta yi tono. Wa ya fara kunna hasken karatu a gidan nan in ba ke ba? Ga shi ya kai har kwaleji!

Jiya ta shiga ɗakinki, ta cire tsohuwar wayar da ɓera ya gwaigwaye, ta tayar da fankar nan da muka fid da rai da ita. Makunnin kuma ta sauko da shi daidai gefen gado, don kada ki riƙa wahalar da gwiwarki. Na miƙa hannu zan gwada, ta buge min yatsa, wai ba don tsoho mai zumuɗi ta yi ba, kakarta ce za ta fara kunnawa. Ranar Asabar za a ba su takardar shaida, ta kuma rantse ƙafarta ba za ta taka wurin ba sai da ke.

Ki dawo, sanyin zuciyata. Ɗakin a share yake, ina wucewa ta ƙofarsa da hannuwana a aljihu, don kada su ci amanarki.

Naki har numfashin ƙarshe,
mijinki, ɗalibinki mai rubutun kaza.