Kabewa Mai Jan Ƙyalle

Auta,

Na leƙa ɗakinka kana ta sharar barci, ni kuma zan makara aiki.

Da safe na je lambu ban ruwa, na tarar babu kabewar da na ɗaura wa jan ƙyalle. Mai fegin kusa da nawa ya ce jiya ya gan ka da ita a ka, kana washe baki, wai gidan su budurwarka za ka kai. Sau nawa zan gaya maka mai ƙyalle ta iri ce? Wata huɗu ina lallaɓa ta, ko bokiti ɗaya ba ka taɓa ɗaukar min ba!

Ka je ka karɓo 'ya'yan cikinta kafin su zubar. In kana jin kunya, ni ba na ji, kuma na san gidan.

Yayarka