Sandar Baba a Kan Gadar Ozu

Ozu, ƙarshen kaka

Zuwa ga Yayana Noboru,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka can Brazil. Duk haikalin da muka shiga sai na kunna turare na roƙa maka lafiya da nisan kwana. Mutanen gida suna nan ƙalau, sai Goggo Fusae da ciwon gwiwa ya sa ta a gaba. Ni kam ba zan ce maka lafiya nake ba, na gaji da yi maka ƙarya a waya.

Lokacin da na ce zan ɗauko Baba mu fito ziyarar haikalan tsibirin Shikoku, cewa ka yi na haukace, ina ni ina yawo da tsohon da mantuwa ta kama. Ban ji ba. Gani nake hanyar da ya sha takawa tun muna ƙanana ita za ta dawo mini da shi. Da farko kamar abin zai yi. Mota muke shiga, mu ɗan taka inda ƙafarsa za ta iya. Duk masaukin da muka sauka, sai ya wanke gindin sandarsa ta ziyara kafin ya wanke ƙafarsa, yadda ya koya mana. Ka san ba a doka sanda a kan gada, don an ce Waliyyin da ya kafa hanyar ziyarar nan yakan kwana a ƙarƙashi. Ran nan na manta na doka tawa a kan wata gada, ya daka mini tsawa: "Ke, wa ya rene ki? Ɗaga sandar nan! Waliyyi na barci a ƙarƙashi, tashinsa za ki yi?" Yaya, ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

A garin Uwajima wata tsohuwa ta tare mu da lemu, kyautar masu ziyara. Tana ta tsokanarsa, wai "Tsoho, da wannan ƙafar za ka kai? Amshi ka ƙara ƙarfi, kar ka faɗo mana a ƙofar gida." Ya yi dariya har da hawaye. Da ta wuce sai ya juyo gare ni, ya sunkuya, ya miƙo mini lemu ɗaya da hannu biyu, ya ce, "Baiwar Allah, ke ma daga nesa kike? Ga wannan, ba yawa." Har ya tambaye ni ko iyayena suna da rai. Ka san ba a mayar da kyautar hanya. Na sunkuya na karɓa, na yi godiya kamar baƙuwa, na zagaya bayan katanga na sha kukana.

Duk da haka na lallashi kaina. Na ce ya manta ni ba komai, tunda bai manta hanyarsa ba, ai Baba yana nan a ciki. Jiya muka iso gadar Ozu, ita kanta wadda aka ce Waliyyin ya kwana ƙarƙashinta cikin sanyi, wadda Baba ba ya wuce ta sai ya cire hula. Na ɗaga sandata ina jiran ya ɗaga tasa. Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, tun daga wannan baki har wancan. Na ce masa Baba gada ce fa, ya dube ni ya ce, "To sai me? Ƙafata ke ciwo." Da muka isa masauki ya yar da sandar cikin takalma da lakarta, ni na ɗauka na wanke. Na karaya, Yaya. Gobe za mu koma gida, ban ga abin da ya rage mu nema a hanyar nan ba.

Abu ɗaya ya saura masa, shi ne kai. Kullum da safe sai ya tambaya ko Noboru ya dawo daga makaranta, in ce masa kana hanya. Ka ce sai sabuwar shekara za ka samu hutu. Don Allah kada ka jira ta.

Ka gaishe mini da matarka Ines, da 'ya'yana Mitsuo da Kaede. Goggo Fusae ma tana gaishe ku. Ina rubuta maka wannan ne da hantsi. Baba ya tashi, ya ci shinkafarsa, yana zaune bakin taga yana kallon kogi. Har yanzu bai tambaye ka ba.

Taka ƙanwa,
Chizuru