Abin da Baba Ya Ce

Litinin, 18 ga Disamba

An watse. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun yi tsit, har ƙarar firjin kicin ake ji daga bakin matakala. Kowa ya ja akwatinsa ya tafi gida hutu, saura ni da abokiyar ɗakina, wadda nake kira Taswira saboda ko banɗaki za ta sai ta duba hanya a waya. Ita gidansu ya yi nisa. Ni kuma takardar zamana tana ofishin shige da fice ana sabuntawa. Matar da ke wurin ta faɗa mini a hankali, kamar mai magana da kurma, cewa in na bar ƙasar kafin takardar ta fito, to ba dawowa. Shekara ɗaya ta rage mini in gama karatu.

Taswira ta ce maimakon mu zauna muna kallon bango, mu yanki tikitin jirgin ƙasa na ɗalibai mu zaga garuruwa. Na yarda ne saboda Baba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin layin dogo a ƙafa, da guduma a hannu, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Zan riƙa ɗaukar masa ƙarar jiragen nan ina turawa, in ji abin da zai kushe.

Talata, 19 ga Disamba

Jirgi na farko. Tsaf-tsaf, ga ɗumi, ga ɗan tebur a gaban kowace kujera. Na fita wajen da tarago ya haɗu da tarago, inda ƙarar ta fi fitowa, na tsaya riƙe da waya kamar wata 'yar jarida. Mai duba tikiti ya wuce yana kallona, na san cewa yake yi wannan ba lafiya ba.

Baba ba ya riƙe waya, ta Umma ake turawa. Yadda ya saba, sai ya yi gyaran murya ya ce "Uwata," tunda sunan mahaifiyarsa aka sa mini, sannan ya shiga faɗa. Yau rubutu na samu. Umma ta ce mura ta kama shi, murya ta dishe, amma ya saurara, ya ce jirgin yana da daɗin sauti, Allah ya yi mini albarka.

Laraba, 20 ga Disamba

Ruwa tun safe. Taswira ta ɓatar da mu, da taswirar tata da komai. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Juma'a, 22 ga Disamba

Gari na uku. Masaukin ɗalibai ne, gadaje hawa biyu, wata ta shanya safarta a kan ƙarfen gadona. Titi cike da mutane da ledojin sayayya, kowa da nasa a gefe, yara a kafaɗa. Mu muka zauna a bakin wani shago muna shan shayi a kofin takarda muna ba su hanya.

Na tura ƙarar jirgin jiya. Umma ta rubuto: Baba ya ce masha Allah, masu aikin layin nan sun iya aiki.

Abin ya tsaya mini a rai. Baba? Tun da nake ban taɓa jin ya ce wani ya iya aiki ba. Ranar da na zo ta ɗaya a aji, tambayata ya yi ko sauran yaran ba su da lafiya ne. Tela, makaniki, mai gyaran famfo, babu wanda ya tsira. Umma kanta shekara da shekaru tana dafa masa abinci, mafi girman yabon da ta samu shi ne "yau dai an ci."

Wataƙila mura ce ta sanyaya shi.

Asabar, 23 ga Disamba

Na yi abin da ban so ba, na gwada mahaifiyata.

Mun shiga wani tsohon jirgi mai zuwa ƙauyukan kan tudu. Kwarababbe ne na gaske, tagogi na kaɗawa, haƙoran mutum na haɗuwa, a kowace kwana sai ya yi wani ƙugi kamar za a rabu. Da Baba ne a ciki, da sai ya nemi a tsayar ya sauka ya ga wanda ya ɗaura layin. Na ɗauka da kyau, na tura, ban ce komai ba.

Amsa ta zo muna cin burodi a tasha. Baba ya ce wannan ma lafiyayye ne, tafiyarsa sumul.

Na ajiye burodin.

Lahadi, 24 ga Disamba

Na kira Yaya. Ya fara da zancen sanyi da ko ina cin abinci, na ce ya bar wannan, ya ba ni Baba. Ya ce yana barci. Na ce a tashe shi. Sai ya fito mini da gaskiya.

Shanyewar ɓarin jiki. Tun kafin in fara jarrabawa. Ya faɗi ne a tsakar gida yana gyaran ƙafar kujera, wadda ya ce kafinta ya cuce shi. An kwana da shi asibiti, yanzu yana gida. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Yana ji, in ji Yaya. Suna kara masa wayar a kunne in na turo.

Suka taru suka yanke cewa kada a gaya mini sai na gama jarrabawa. Da na gama, suka ce a bari in huta. Har Auta ta sani. Har maƙwabta sun sani. Ni ina nan ina tsaye tsakanin tarago biyu ina ɗaukar ƙarar ƙarfe.

Na kira Umma na faɗi maganganun da ban taɓa zaton bakina zai iya ba. Na ce ta daina sa wa Baba magana a baki, mutum yana kwance ba ya iya kare kansa. Na ce ko ƙaryar ma ba ta iya ba, ta mayar mini da uba wani mai yabon jama'a. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi, "To me kike so in rubuta miki? In ce ya yi shiru?"

Litinin, 25 ga Disamba

Ban fita ba. Komai a rufe, garin kamar an share. Taswira ta samo shayi ban san daga ina ba, ta ajiye, ta zauna a ƙasa ta jingina da gadona. Ba ta tambaye ni komai ba, Allah ya saka mata.

Laraba, 27 ga Disamba

Mun ci gaba da tafiya, don zama ma ba shi da amfani. Garin bakin teku. Iska kamar za ta cire wa mutum kunne. Taswira tana ta nuna mini jiragen ruwa, ni ina duba na sama a waya.

Lissafin bai da wuya, shi ya sa yake da ciwo. In na tafi, zan ga Baba da ransa, karatun kuma ya tafi ke nan, shekarun da na yi a nan sun zama yawon buɗe ido. In na zauna, ban san lokacin da takardar za ta fito ba, likita kuma ya gaya wa Yaya cewa irin wannan yakan sake dawowa, in ya dawo ba ya sallama.

Na rubuta wa ofishin shige da fice. Na'ura ce ta amsa, wai suna hutu, suna yi mini fatan alheri.

Alhamis, 28 ga Disamba

Na matsa sai da aka yi mini kiran bidiyo.

Sun sa masa farar riga, an gyara masa gemu, na san saboda ni ne. An jingina shi da filo a gadon da ke kusa da taga. Ya rame. Bakinsa ya karkace gefe ɗaya, Umma tana goge masa da ɗan tawul, tana yi da sauri don kada in gani. Idonsa dai nasa ne, yana nan da wannan kallon na mai neman inda aka yi kuskure.

Na gaishe shi. Na ce Baba Uwarka ce. Leɓensa ya motsa, abin da ya fito ba kalma ba ce.

Na yi niyyar in daure, ban iya ba. Na ce, "Baba, in zo? In kana so in zo, ka ɗaga hannu."

Hannun hagun yana kan bargo. Ya ɗan motsa, yatsun suka buɗe suka rufe. Bai ɗaga ba, bai kuma kwanta ba. Yaya ya ce wani lokacin haka yake yi ko ba a tambaye shi komai ba. Sai muryar Umma daga gefe: "Kin gani, ya ce kada ki zo. Ya ce ki gama abin da ya kai ki."

Na ce Umma ina kallo fa, bai ce komai ba. Ta ce ita ta zauna da shi tun ban zo duniya ba. Na kashe wayar ba sallama.

Asabar, 30 ga Disamba

Na rabu da Taswira a tasha, ta rungume ni har jakata ta faɗi. Na hau jirgin da ke zuwa garin da filin jirgin sama yake. Na gama shawara. Karatu ba uba ba ne.

Lahadi, 31 ga Disamba

Na wuni a filin jirgi. Akwai kujera a jirgin yamma, matar da ke sayar da tikiti ta ce ta riƙe mini zuwa la'asar. Na zauna kusa da wajen awon kaya ina kallon mutane suna cire takalma daga akwati suna cusawa a jakar hannu. Wata tsohuwa ta ba ni alewa ba dalili.

Na tashi na shiga layi. Da ya rage mutum ɗaya a gabana sai na fita, wai zan sha ruwa. Na sake shiga, na sake fita. Ina ta tuna ɗakin gwaje-gwajenmu, da aikina da na bari rabi a kan benci, da farar rigata a rataye bayan ƙofa. Na ji kunyar abin da nake tunawa, amma shi nake tunawa.

La'asar ta wuce ina zaune.

Talata, 2 ga Janairu

Na dawo ɗaki. Ban kira gida ba. Ban kwance jaka ba.

Litinin, 8 ga Janairu

An dawo karatu. Matakala ta cika da ƙarar akwatuna, kowa na ba da labarin gida, an cika firji da abincin iyaye. Takarda ba ta fito ba. Yaya ya ce jiki yana nan yadda yake, ba gaba ba baya.

Na yi rajistar darussan zangon nan da safe. Ina fitowa na haɗu da malamar da ke duba aikina, ashe Taswira ta gaya mata. Ta riƙe hannuna ta ce ta yi zaton na tafi, me ya hana ni?

Na ce babana ne ya ce in zauna in gama.

Haka ya fito, sumul, ko gargada babu. Ta ce lallai ina da uba nagari. Na ce haka ne.

Da yamma na kira Umma. Mun gaisa kamar ba abin da ya faru, ta tambayi sanyi, na tambayi Auta. Ina jin ƙarar cokali a kofi, tana ba Baba shayi. Na daɗe ina murza bakin mayafina kafin na ce, "Umma, yau me Baba ya ce?"