Na sa wa jan iri albarka

Gaisuwa gare ku cikin sunan Ubangiji, masu kula da wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ni Bahaushe ne haifaffen garin Gadarif, can gabas inda ake Larabci, na karɓi Almasihu tun ina saurayi. 'Yan'uwana duk Musulmi ne, dillalan hatsi a kasuwa. Da yaƙi ya tashi fastonmu ya tafi, aka ɗora ni a kan ƙaramar ikilisiyarmu, ga masu gudun hijira sun cika harabar majami'a. Kafin damina wani manomi ya ba mu buhunan irin dawa mu shuka a gonar ikilisiya. Jajir yake, don an cuɗe shi da maganin ƙwari. Da bakinsa ya ce mini, “Abuna, na ƙasa ne, ba na ciki ba.” Abuna, wato “babanmu”, haka ake kiran fasto a nan. Na kulle irin a ɗakin ajiya.

Sai yunwa ta matsa, surutu ya fara. Wata Lahadi ina wucewa ta bayan mata na ji ana cewa, “Ai Bahaushe ne, 'yan'uwansa na suk, 'yan kasuwar nan, zai kai wa irin. Dama can shi namu ne?” Jama'a, shekaru nawa na yi ina gudun wannan kalma? Gidanmu sun ce na bar su, nan ma a ce ban iso ba? Na rasa inda zan sa kaina.

A taron dattawa aka ce a raba irin a ci. Mutum ɗaya ce ta miƙe, Mama Rahila, gwauruwar da ta tsufa tana aikin gona a Hawata. Ta ce, “Ya Abuna, haram! Na ga wannan ya kashe kaji, na ga ya kwantar da ƙato. Kai ma ka sani.” Kowa ya zuba mini ido. Na sani kuwa. Amma abin da ya fito daga bakina shi ne, “Mama, ina bangaskiyarki? A wanke sau uku, mu yi addu'a.” Aka tafa mini, kuma ina jin kunyar faɗa, daɗin tafin nan har cikin raina na ji shi. Da ta ƙi yin shiru, na dakatar da ita daga cin Jibin Ubangiji a majami'a, wai tana raba kan jama'a. Na ɗora hannu a kan buhunan na sa albarka.

Ga abin da ba wanda ya sani. Ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga gidana ba. Nakan bi ta rumfar yayana in auno farar dawa, matata tana zaton rabonmu ne na majami'a.

Mako biyu ke nan ana ci. Wani tsoho da ke kwana a haraba hannuwansa sun fara rawa, ba ya iya riƙe kofin shayi. Yara uku suna amai. Ana cewa ruwan damina ne, ni ma na ce ruwa ne, har na jagoranci addu'a a kansu. Wane irin makiyayi ne wannan? Na ji tsoron bakin mutane fiye da idon Allah, shi ya kai ni nan.

Wannan Lahadin muna da baftisma, an riga an kai sauran buhunan niƙa don a yi asida, wato tuwonmu na nan, babba da yaro kowa ya ci. Jiya da hantsi Mama Rahila ta same ni a ƙofar majami'a. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe tafina ta zuba mini jan iri, ta ce, “Ɗana, mai sa albarka shi ke fara kai loma. Ka zo da 'yarka, ta zauna kusa da nawa jikokin.”

In na hau bagade na faɗi gaskiya, za su ce Bahaushen ya ba su guba da saninsa, kuma wannan karon ba ƙarya suka yi ba. Ban san ko zan fita daga harabar da ƙafafuna ba. In na yi shiru, jibi za a ɗora tukunya. 'Yata ta riga ta wanke farar rigarta, tana cikin waɗanda za a yi wa baftisma.

Me zan yi?