Dutsen da Yaya Eloy Ya Ture

Asabar, 5 ga Oktoba

Yaya Eloy ya ture dutsen nan, Mai Malfa. Bari in rubuta tun kafin su fara gyara labarin.

Mama ta cika tamanin, ta ce ba ta son taro, a kai ta gandun duwatsu kawai. Awa uku a mota, rabin hanyar ba kwalta. Ni da ita da Yaya Eloy da matarsa Lorena. A can Baba ya yi kiwon tumaki kafin gwamnati ta killace wurin, kuma a gindin dutsen nan Mama take kai masa abincin rana suna sabon aure. Siririn wuya ne da iska ta sassaƙe, da faffaɗan dutse a kai. Ita ta raɗa masa sunan.

Ina ɗaukar Mama bidiyo tana ba da labari, Yaya ya zagayo da gwangwanin giya na uku. Wai "Wannan ai tarko ne, wata rana kan ɗan wani zai faɗo." Lorena ta ce, "To jarumi, nuna mana." Ya sa kafaɗa. A turi na uku malfar ta tafi. Har a haƙorana na ji ƙarar. Shi kuwa ya ɗaga hannuwa sama kamar ya ci dambe.

Mama ta ce, "A mai da ni mota."

Lahadi, 6 ga Oktoba

Lorena ta tare ni a ƙofar coci. "Ofelia, kin dai goge bidiyon nan ko?" Na ce ban goge ba. Ta ce dutse ne fa, akwai dubunsa a wurin. Na ce to ta je ta ɗora shi.

Talata, 8 ga Oktoba

Yaya da kansa ya zo, bai ko cire hula ba. Shekara goma sha tara yana tuƙa motar 'yan makaranta, in maganar ta je kotu, ga giya a hannunsa, aikin ya tafi. Na sani. Ba sai ya faɗa min ba.

"Ke da kike ƙanwata?"

Na ce, "Ka ba Mama haƙuri tukuna."

"Haƙurin me? Ko ban taɓa ba iska za ta kayar da shi."

Haka yake tun muna yara. Ya fasa, a ce Eloy ne, ƙarfi ne ya yi masa yawa, ni in share. Shekarata hamsin da biyu. Na gama shara.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na koma gandun ni kaɗai. Jami'ar gandun, Malama Tsosie, ta riga ta ga ɓarnar, ta kewaye wurin da igiya. Ta kalli bidiyon sau biyu. Ta ce, "Kin san mutumin?" Na ce uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ta miƙo min takardar rahoto. Na cike ta, na sa hannu. A mota ne na yi amai, wannan kuma zafin rana ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Ba wanda ya matsa ya ba ni wuri a bencinmu na coci. Na zauna a baya. An fi jin waƙa ma daga can.

Alhamis, 24 ga Oktoba

An dakatar da Yaya daga aiki. Goggo Delfina ta bugo waya: "Kin sayar da jininki saboda tsakuwa, Allah ya shirye ki." Na ce amin, ya shirye mu duka.

Mama ce dai ta fi min ciwo. Na kai mata magani, ta ce, "Dutse ya riga ya faɗi, 'yar nan. Ɗana kuwa yana nan da iyali." Na ce ai don ke na yi. Ta ce, "Ni na aike ki?"

Ba ta aike ni ba. To, don kaina na yi. Kuma gobe ma zan sake.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Bikin godiya na shekara, ranar da dangi ke haɗuwa cin abinci, kowa yana gidan Yaya, ni ba a kira ni ba. Na gasa kaza ɗaya na cinye rabi a tsaye. Ba wanke-wanken mutum ashirin bana. Hutu ma na samu.

Talata, 3 ga Disamba

Mama ta ce in nuna mata bidiyon. Ta kalli kanta tana dariya a gindin Mai Malfa, kafin Yaya ya shigo cikin hoton ta ce, "Tsaya nan." Na mayar mata farko sau huɗu. Sannan ta ce kada in goge wannan rabin. Ɗaya rabin ba ta ce komai a kai ba.

Litinin, 9 ga Disamba

Kotu. Yaya ya amsa laifinsa, ba a ma kira ni ba. Zai yi wa gandun aiki duk Asabar har bazara, motar makaranta kuma ba zai koma ba, sun mai da shi aikin gareji. Ya rame. Rigar da ya sa a jana'izar Baba ce, yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. Ban tausaya ba. Gani kawai na yi.

Asabar, 11 ga Janairu

Wake na dafa jiya da jan barkono, ya yi min yawa. Ga shi motar tana buƙatar doguwar tafiya, batirin na sanyi. Shi ke nan dalilin.

Na sami Yaya a gandun, a bakin hanyar ƙafa, yana haƙa ramin allon sanarwa, ƙasa ta daskare, iska kamar reza. Ba safar hannu, wawa. Na ajiye kwanon a bayan motarsa. Bai gaishe ni ba, ban gaishe shi ba. Ya buɗe ya ci a tsaye, ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan."

Na ce, "Haka za ka ci."

Can wasu matasa biyu suka fara hawa wani siririn dutse don hoto. Kafin in buɗe baki ya daka musu tsawa, "Kai! Ku sauko min daga nan!" Suka sauko sumui-sumui. Bai yarda mun haɗa ido ba.

Ni dai ban yi kuskure ba, har yanzu ina nan a kan bakana. Na tsaya a shagon hanya na sha mai. Safar hannun da na saya masa a kusa da teburin biyan kuɗi take, shi ya sa.