Kofin Christy

Bernard,

Na wuce makaranta, na bar ka kana munshari. Yau muke komawa aji tun da amai da gudawa ya sa aka rufe mu. Na san ba ka da labari, kai da kake duba-gari.

Hedimasta ya hana shan ruwa da moɗa ɗaya. Duk yaron da bai zo da kofinsa ba, gida zai koma. Tun da safe muke birkice ɗaki muna neman na 'yata Christy, tana kuka. A banɗaki na tsince shi, cike da kumfa da gashin gemunka. Gemun ma da bai taka kara ya karya ba.

Kai ne fa mai zaga Tudun Wada da kaki, kana leƙa randunan mutane kana yi musu wa'azin tsabta.

Saudatu da suke benci ɗaya da Christy, cutar nan ta tafi da ita. 'Yata ba za ta sha da na kowa ba. Na ba ta kofin shayinka, mai sunanka a jiki.

Ka tafasa nata kafin in dawo. In shayi kake so, ga na gemun nan.

Yayarka,
Margaret