Na Ɗaga wa Ƙanwata Sautin Piyano da Gangan

Mama Pettway,

Ki taimake ni, don abin da ke cina ba zan iya faɗa wa fasto ba, balle mahaifiyata. Shekarata ashirin da shida, kuma tun ina 'yar sha biyar nake kaɗa piyano a wata majami'ar Baftis a kudancin Chicago. Ina da ƙanwa, Vernetta, na girme ta da shekara biyar.

Kakarmu, wadda ta zo daga Mississippi, tana da wani salon waƙa. Takan bar kiɗa ya wuce ta kaɗan, ta riƙe kalmar a maƙogwaro kamar mai nishi, sai 'yan amshi sun fara zaton ta manta sannan ta sake ta. A bakinta na koya. Lokacin da ta rasu Vernetta ba ta yi wayo ba. Ni na zaunar da Vernetta a gefena a bencin piyano shekara da shekaru ina koya mata, ina dungure mata kai in ta yi gaggawa.

Shekara uku da suka wuce ta bar ƙungiyar mawaƙan majami'a ta koma rera waƙoƙin jaz a gidajen rawa. Fasto ya yi wa'azi a kanta. Bai kama suna ba, amma kowa ya waiwayo yana kallon inda mahaifiyarmu ke zaune. Ni na tsaya na shanye kunyar. Ni ce ta gari, ni ake nuna wa yara.

Bana ta fitar da faifai. Ina guga na ji ta a rediyo, salon Kaka ne sak, sai dai inda muke cewa "Yesu" ita tana cewa "masoyina". Wani ɗan jarida har ya rubuta wai ita ta ƙirƙiro wannan jinkirin. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba. Ni da nake yinsa duk Lahadi a gaban mutum ɗari biyu, ladana "Allah ya yi albarka, 'yar'uwa" da cinyar kaza bayan sujada.

Yanzu majami'armu za ta cika shekara arba'in. Faston nan dai, shi da bakinsa, ya gayyace ta bikin, ta ja waƙar da ni nake ja shekara tara, ni kuma in kaɗa mata. Matan da suka daina gaida mahaifiyarmu duk sun sayi sabbin hulunan zuwa bikin.

Ran Alhamis da la'asar muka yi gwaji. Na san iyakar muryarta fiye da yadda ta sani. Sai na fara waƙar sama da inda muka saba, mataki ɗaya tak. Da ta kai ƙololuwa muryar ta tsage. Mama Tibbs, babba a cikin iyayen majami'a, ta ajiye maficinta ta ce, "To, kun ga abin da hayaƙin taba ke yi wa kyautar Ubangiji." Vernetta ta dube ni ta yi dariya ta ce, "Yaya, yau piyanon naki da fushi ya tashi."

Mama Pettway, na ji daɗi. Wannan ne ya tsorata ni. Saura kwana tara a yi bikin, kuma ban amince da hannuna ba. In ce ba ni da lafiya in bar wa wani piyanon? Wani lokacin ma ban sani ba, don ta bar waƙar Allah nake fushi, ko don ba ni ce na tafi ba.

Wadda Aka Bari a Benci

'Yata,

Na yi shekara talatin ina koyar da waƙa a makaranta, kuma ban taɓa ganin malamar da ba ta ji wani abu ya soke ta ba ran da ɗalibarta ta wuce ta. Ba ke kaɗai ba ce. Kuma kina da gaskiya a abu biyu: ya kamata Vernetta ta faɗi inda ta koya, fasto kuma ya kamata ya nemi gafarar mahaifiyarku kafin ya gayyaci ƙanwarki.

Amma salon nan ba sace shi aka yi ba. Ke a bakin Kaka kika ɗauka, ita ma wata ce ta rera mata shi a gonar auduga. Ki saurari jaz da kunnen basira wata rana. Mai busa ƙaho da ke ɗaga sauti ya sauke yana kwaikwayon mai wa'azi ne, sauran makaɗan da ke ba shi amsa 'yan amshi ne, gangar kuma tafi ne da bugun ƙafa a kan katakon majami'a. Da yawa cikin mawaƙan da kike ji a rediyo a benci irin naki suka fara, a gefen wata yaya ko goggo wadda ba a rubuta sunanta a jikin faifai ba. Abin da kika ji kina guga aikinki ne, kuma ya yi kyau.

Yanzu abin da kika yi. Kin ce ba wanda ya sani, ni kuwa ina ganin mutum ɗaya ya sani. Yarinyar da kika horar da kunnenta ba za ta kasa gane mataki ɗaya ba tun daga bugun farko. Ta ji, ta bi ki sama duk da haka, muryarta ta tsage, aka ɗora wa rayuwarta laifi a gaban jama'a, ta mai da abin wasa don kada a dube ki. Ki yi tunani a kan wannan tukuna.

Kada ki yi ciwon ƙarya. Ki je wurinta kafin gwaji na gaba, ku biyu kawai, ki faɗa mata abin da kika yi ba tare da "amma" ba. Bayan ta amsa, sannan ki faɗi naki ciwon: kina so a san wa ya koya mata. Roƙo ne mai kyau, baki ne ya kamata ya yi shi, ba yatsu ba. In kina son baiti ɗaya a waƙar, ki nema a fili.

Mai wuyar ita ce Mama Tibbs. Maganarta ta riga ta zaga gidaje, kuma ke kaɗai za ki iya janye ta. Ki same ta ki ce, "Mama, ba taba ba ce, ni ce na ɗaga sautin." Za ta yi miki faɗa, za ki kuma rayu.

Tambayarki ta ƙarshe kuwa, ba a amsa ta daga benci. Bayan biki ki sa Vernetta ta kai ki inda take waƙa, ki gani da idonki ko kina son wannan rayuwar. Shekara ashirin da shida ba tsufa ba ne.

Ranar Lahadi ki kaɗa a inda muryarta ke zaune daram. In ta riƙe kalmar, ki jira ta. Duk Chicago babu wanda ya san tsawon wannan jiran sai ke.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sanyaya miki zuciya.

Mama Ernestine Pettway